Ruwan haidurojin da ciwon daji: Talla ta riga bincike

A shekarar 2007 ne Farfesa Shigeo Ohta da abokan aikinsa a Japan suka wallafa wani bincike a mujallar Nature Medicine, inda suka nuna cewa ɓerayen da aka toshe wa hanyar jini zuwa ƙwaƙwalwa sun fi tsira daga lahani idan suka shaƙi iskar da ke ɗauke da haidurojin kashi 2 cikin 100. Bayaninsu shi ne iskar tana kashe kaifin haidurokzil, ɗaya daga cikin miyagun sinadaran da ke illata ƙwayoyin halitta su kuma rura kumburi. Tun a 1975 ma an ga ƙarin daji na fata ya ragu a jikin ɓerayen da suka shaƙi haidurojin, amma fa an tsare su ne cikin akwati mai matsin iska ninki 8 na wanda muka saba.

Binciken ya cancanci a ci gaba da shi, sai dai abin da ke damuna shi ne yadda 'yan kasuwa suka yi riga malam masallaci, suna tallan kwalaben ruwan da aka narkar da iskar haidurojin a ciki da ƙwayoyin da ake jefawa cikin ruwa su yi kumfar haidurojin, tamkar an gama tabbatar da maganin daji. A matsin iskar da muka saba, lita guda ta ruwa ba ta riƙe haidurojin da ya wuce kimanin miligiram 1.6, kuma da an buɗe murfi iskar ta fara sulalewa, alhali ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanjinmu kullum suna samar da ita. Gwajin da aka yi wa mutane kuwa akasarinsa ƙanana ne, na gajeren lokaci.

Tarihi ma yana jan kunne. A Finland, bincike kan maza masu shan taba kimanin 29,000 ya nuna a 1994 cewa beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas wanda shi ma aka sa ran zai kare su ta hanyar kashe kaifin miyagun sinadarai, ya ƙara yawan dajin huhu da kashi 18 cikin 100. Ga kuma wata tambayar: gashin da likitoci ke yi wa ƙari da haske mai ƙarfi galibi yana kashe shi ne ta hanyar haifar da wannan haidurokzil ɗin, don haka wajibi ne mai karɓar gashi ya tuntuɓi likitansa kafin ya sha abin da aka ce yana kawar da haidurokzil.

Tausayina yana ga macen da ta taɓa kullutu a mamanta, ta ɗage zuwa asibiti wata shida saboda kwalbar da aka sayar mata, domin a cikin waɗannan watannin ƙarin da tiyata za ta iya cirewa yana iya bazuwa zuwa ƙashi ko hanta.