Ɓarawon gida ma ɓarawo ne

Na karanta wani rubutu da marubucinsa ya ɗora lalacewar tarbiyyar yara a kan waya da TikTok, ni dai ban gamsu ba. Yaran nan a hannun wa suka koya? A 2017 da James Ibori, tsohon gwamnan Jihar Delta da aka ɗaure kan wawure kuɗin jama'a, ya dawo daga gidan yarin Ingila, mutanen garinsu Oghara cika titi suka yi suna ta murna, mu nan muna musu dariya. Amma ran da EFCC ta kama ɗan garinmu ko ɗan jam'iyyarmu, nan take sai ka ji "bi-ta-da-ƙulli ne". Mai zagin ɓarayin gwamnati da safe, da yamma shi ne a ƙofar gidan Alhaji yana jiran ambulan, kuma ɗansa na kallo. Kai kuma malam mai cewa naka naka ne, ai Annabi (SAW) ya ce taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne ka hana shi zaluncin, kuma da aka nemi alfarma wa matar Banu Makhzum da ta yi sata bai karɓa ba. To in ɗan unguwarku ne ya wawure kuɗin asibiti, za ka ba da shaida ko za ka rufa masa asiri?