Jibge masu laifi a wata ƙasa: tsohon hukuncin da ke neman dawowa

A watan Mayun 2025 ministan shari'ar Faransa, Gérald Darmanin, ya sanar cewa za a gina gidan yari mai tsananin tsaro, mai ɗaukar mutum 500, a garin Saint-Laurent-du-Maroni da ke Giyana ta Faransa, can Kudancin Amurka. Cikin waɗanda za a tsare har da manyan dillalan ƙwaya da masu laifin ta'addanci. Ran mutanen yankin ya ɓaci, kuma suna da gaskiya. A bakin kogin garin nan ne jiragen ruwa suka yi shekara da shekaru suna sauke fursunonin da Faransa ta gaji da gani. Daga 1852 zuwa 1938 an kai wajen mutum 70,000 Giyana, kuma na ƙarshensu ba su koma gida ba sai 1953.

Ra'ayina shi ne, duk gwamnatin da ta ɗauki mai laifi ta kai shi inda danginsa, lauyansa da 'yan jaridar ƙasarsa ba za su gan shi ba, ta ƙara masa hukuncin da alƙali bai yanke ba. Tarihin wannan hukunci ya nuna haka a duk inda aka gwada shi, kuma ya kamata ƙasashen Afirka su san tarihin kafin su sa hannu a takardun karɓar korarrun wasu ƙasashe da ake kawo musu yanzu.

Ingila ce ta fi kowa tsara abin. A ƙarni na 18 dokokinta sun yi tsauri ƙwarai, har laifuffukan da ke jawo rataya suka haura 200. Alƙalai da masu taya su yanke hukunci suka riƙa jin nauyin rataye mutum saboda ya saci mayafi ko tunkiya, ga shi kuma babu gidajen yarin da za a yi wa mutum dogon ɗauri. Dokar 1718 ta buɗe hanya ta uku: mai ƙaramin laifi a kai shi Amurka shekara 7, wanda aka yafe wa kisa shekara 14. 'Yan kwangila ke kwasar su, su sayar da wa'adin aikinsu ga masu gonakin taba a Maryland da Virginia. Kimanin mutum 50,000 aka tura ta haka, kafin yaƙin neman 'yancin Amurka ya toshe hanyar. Daga 1776 sai aka koma cusa fursunoni cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a kogin Thames.

A nan ne idon Landan ya faɗo kan Afirka ta Yamma. A 1782 an tura wasu fursunoni gaɓar Gana ta yau a matsayin sojojin gadin sansanoni, cuta da tarzoma suka ci su. A 1785 an yi shawarar jibge wasu a wani tsibiri cikin kogin Gambiya, aka fasa saboda an tabbata zazzaɓi zai gama da su. Ba a taɓa tambayar mutanen Gambiya ko suna so ba. Daga nan aka juya zuwa Ostareliya. Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth a watan Mayun 1787, suka isa a Janairun 1788. Zuwa 1868, lokacin da jirgin ƙarshe ya sauke kayansa a Fremantle, an kai mutum kusan 162,000, wajen 25,000 daga ciki mata.

Wanda ke son gane illar wannan hukunci ya dubi ayarin jirage na biyu, na 1790. Gwamnati ta ba kamfanin Camden, Calvert da King kwangilar jigilar, mutanen da sana'arsu fataucin bayi. Aka ce za a biya su kuɗi a kan kowane kai da aka loda a Ingila, ko ya isa da rai ko bai isa ba. Ka ga ke nan gawa ta fi mai rai riba: ba ta cin abinci, kuma guzurin da ya rage ana iya sayar da shi a Sidni da tsada. An sa wa fursunonin mari irin na jiragen bayi, aka bar su a ƙasan jirgi cikin ruwa da ƙazanta. Yunwa ta kai ga mutum ya ɓoye mutuwar wanda aka ɗaure su tare, don ya ci gaba da karɓar rabonsa har sai wari ya tona asiri. Cikin mutum kusan 1,000, sama da 260 sun mutu a teku, wasu da yawa suka cika bayan an sauke su. Babu ko ɗaya daga cikinsu da kotu ta yanke wa kisa ta wannan hanya. Sai bayan labarin ya isa Ingila aka fara sa likitan gwamnati a jiragen, aka kuma ɗaura wani ɓangare na biyan a kan isar da mutane da rai. Mace-mace suka ragu sosai. Ashe dama ana iya kiyaye rayukan, babu mai sa ido ne kawai.

Wa'adin ma da ke rubuce a takarda ba shi ne na gaskiya ba. An ce shekara 7, amma gwamnati ba ta biyan kuɗin jirgin dawowa. Namiji mai ƙarfi yana iya samun aikin matuƙin jirgi ya dawo, mace fa? Wanda kuma ya sulale ya dawo kafin wa'adinsa ya cika, igiya ce ke jiran sa. Saboda haka mafi yawansu bankwanan da suka yi da iyayensu da 'ya'yansu a bakin teku shi ne na ƙarshe. Manoma shida na ƙauyen Tolpuddle da aka kora a 1834 saboda rantsuwar kafa ƙungiyar ƙwadago sun dawo ne kawai don jama'a sun yi ca a kan gwamnati, dubban ɗaruruwa suka sa hannu a takardar koke, aka yi musu afuwa a 1836. Ɓarawon agogo ba shi da wannan gata.

Faransa ba ta ma ɓoye ba, ta rubuta abin a doka. Ta kasa korarrun gida uku, kowane da sunansa da ƙa'idarsa. Na farko masu manyan laifuffuka da aka yanke wa aiki mai tsanani. Dokar 1854 ta ce wanda hukuncinsa bai kai shekara 8 ba, in ya gama sai ya sake zama a Giyana daidai tsawon wa'adin, wanda kuwa nasa ya kai 8 ko ya wuce, ya zauna har mutuwa. Na biyu masu laifin siyasa, irin su Alfred Dreyfus, hafsan da aka yi wa ƙazafin cin amanar ƙasa aka killace shi a Tsibirin Shaiɗan da ke gaɓar Giyana daga 1895 zuwa 1899. Na uku su ne suka fi ba ni tausayi. Dokar 1885 ta ba da damar a kwashe masu yawan maimaita ƙananan laifuffuka, sane, yawon banza, 'yar damfara, bayan sun gama zaman yarinsu a gida, a kai su can har abada. Mutum ya biya bashin da doka ke bin sa, sannan a ce ƙasarsa ba ta da wurinsa.

Masu kare wannan hukunci suna da hujja ɗaya mai nauyi, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce ya ceci dubban wuyoyi daga igiya, ya kuma ba wasu sabuwar rayuwa. Gaskiya ne. A Ostareliya fursuna mai ladabi yana samun takardar da ke ba shi damar yin aikin kansa a cikin gunduma ɗaya, kamar ɗaurin talala, daga baya wasu har fili ake ba su. Mary Reibey, wadda aka kora tana yarinya saboda satar doki, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa, hotonta na kan takardar dala 20 ta ƙasar a yau. To amma filin wa aka raba musu? Na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda a Tasmaniya aka kusa shafe su daga doron ƙasa cikin 'yan shekaru. Sabuwar rayuwar korarre ta ginu ne a kan asarar wanda aka tarar. Inda kuma babu filin ƙwacewa mai albarka, kamar Giyana ko tsibiran Andaman da Birtaniya ta buɗe wa 'yan tawayen Indiya a 1858, abin da ya rage shi ne zazzaɓi, bulala da kabari.

Shari'ar Musulunci ta san kora, amma ta yi mata shinge. Aya ta 33 a suratul Ma'ida ta ambaci nafyu, wato kora daga ƙasa, ga 'yan fashi, malaman Hanafiyya suka fassara shi da ɗauri. Tagribi kuwa, wato korar mazinacin da bai taɓa aure ba daga garinsa, shekara ɗaya ce tak, kuma a mazhabar Malikiyya ba a yi wa mace. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya taɓa korar wani mashayi zuwa Khaibara, mutumin ya tsere ƙasar Rumawa ya bar addini, Umar ya ce ba zai sake korar Musulmi ba. Ya lura da abin da Turawa suka yi fiye da ƙarni guda kafin su yarda da shi: raba mutum da jama'arsa ba ya gyara shi.

Mu ma mun ɗanɗana wani nau'i na abin. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Babba Lakwaja, a can ya rasu a 1926. Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi ma a can suka cika. Wannan ba hukuncin kotu ba ne, umarnin gwamna ne, shi ya sa babu wa'adi, babu ɗaukaka ƙara. Gwamnatocinmu suka gaji al'adar har zuwa Maris 2020, lokacin da aka kai Muhammadu Sanusi II Loko sannan Awe a jihar Nasarawa. A Nuwamba 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce korar ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Wannan bambanci tsakanin hukuncin kotu da umarnin hukuma shi ne ƙofar da tsohon tsarin ke shigowa ta ciki yau. Da wuya ka ga ƙasar da ke yanke wa mutum hukuncin jibgewa a wata ƙasa yanzu. An sauya wa tuwo suna: ana cewa tasa ƙeyar baƙo ce, harkar shige da fice, don haka babu buƙatar shari'a. A Maris 2025 Amurka ta kwashi 'yan Benezuwela sama da 200 zuwa babban kurkukun El Salvador, ƙasar da ba tasu ba, ba tare da wata kotu ta same su da laifin da ya kai su can ba, tana kuma biyan kuɗin tsare su. Ga ɗan kwangila ya dawo, sai dai yanzu gwamnati ce. Shirin Birtaniya na tura masu neman mafaka Ruwanda, kotun ƙolin ƙasar ta ce haramtacce ne a Nuwamba 2023, aka soke shi a 2024. Amma Eswatini da Sudan ta Kudu sun karɓi mutanen da ba 'yan ƙasarsu ba daga Amurka. Gana ma ta karɓa a Satumba 2025, har da 'yan Najeriya. Wasunsu sun shigar da ƙara a Akara, kafin kotu ta saurare su an riga an fitar da su daga ƙasar.

Ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya faɗa a fili a Yulin 2025 cewa ƙasar ba za ta karɓi 'yan Benezuwelan da Amurka ke son turowa ba. Ya yi daidai, amma maganar minista ba doka ba ce, matsin biza da haraji na iya sauya ta gobe. Abin da nake so majalisun ƙasashenmu su yi shi ne su kafa ƙa'ida: duk yarjejeniyar karɓar korarrun wata ƙasa a kawo ta zauren majalisa a karanta, a faɗi nawa aka biya da wanda ya karɓa, a bayyana inda za a ajiye mutanen da ranar da za a sake su, a bar lauya ya gan su. Gana tana da abin kafa hujja a hannunta. A 2017 kotun ƙolinta ta yanke cewa karɓar 'yan Yaman biyu daga kurkukun Amurka na Guantanamo ba tare da amincewar majalisa ba ya saɓa wa tsarin mulki, kuma wannan hukunci yana nan ba a soke shi ba.