Ku da ba kwa son lamba huɗu

Jiya da yamma na tsaya a bakin filin unguwarmu ana raba riguna. Yara uku suka rirriƙe riga mai lamba goma har ta kusa yagewa, mai lamba huɗu kuwa tana yashe a kan benci ba wanda ya kalle ta. Ƙannena, ina da magana da ku.

Claude Makelele lamba huɗu ya sa a Chelsea. A Kinshasa aka haife shi a 1973, aka kai shi Faransa yana ƙaramin yaro, ya yi suna a ƙungiyar Nantes, ya ci kofin lig da su a 1995. Ya buga wa Faransa wasa 71 bai jefa ƙwallo ko ɗaya a raga ba. Shekara biyar a Chelsea, ƙwallo biyu kacal. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban 'yan baya, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma wurinsa. A gidan kallo ba a tashi tsaye don irin wannan.

A Real Madrid ma haka aka raina shi. Ya ci La Liga da su sau biyu, ga kofin zakarun Turai na 2002, amma da ya nemi ƙarin albashi a 2003 sai aka sayar da shi ga Chelsea, a shekarar da aka kawo Beckham. Zidane yana nan, Ronaldo da Figo suna nan, amma Madrid ba ta sake ɗaga La Liga ba sai 2007. Shi kuwa ya ci Firimiya a 2005 da 2006 a hannun Mourinho, har aka riƙa kiran wannan gurbin da sunansa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Abin da ya fi ja hankalina shi ne bayan ya rataye takalmi a PSG a 2011. Bai ce shi babba ne ba, ya zauna mataimakin koci a ƙarƙashin Ancelotti yana koyo. Da ƙungiyar Bastia ta Faransa ta ba shi ragama a 2014, ko wata shida bai cika ba aka sallame shi. Suna bai cece shi ba. A 2016 ya zama daraktan fasaha a Monaco, aikin ofis, na 'yan watanni. Daga nan ya sake komawa mataimaki a Swansea, sannan ya karɓi Eupen, wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam da da yawanku ba ku taɓa jin sunanta ba. A 2019 ya dawo Chelsea yana bibiyar yaran da aka tura aro. Mutumin da ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya a 2006 ke nan fa.

Ni ban ce shi gwanin koci ba ne, sakamakonsa bai nuna haka ba. Amma kai da aka cire ka saura minti goma ka jefar da riga ka yi fushi mako biyu, me ka taɓa ci? Kai da koci ya ce ka koma tsakiya ka tare hanya, ka ce a raina maka wayo ake so a yi?

Rigar nan ta benci, wani siririn yaro da ya zo a makare ne ya ɗauka. Ta yi masa yawa, ya cusa ta a wando ya shiga fili.