Ƙannena masu keke da masu tuƙi, mu yi magana a kan hanya

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa na Garwa da Marwa da Kusiri a arewacin Kamaru, musamman ku da kuke wuni a kan kwalta, ko a sirdin keke, ko a kan babur, ko a bayan sitiyari.

Rigimar da nake so mu tattauna kowa ya san ta. Mota ta matse mai keke a bakin mararraba, mai keke ya daki jikin motar da tafin hannu, direba ya sauke gilashi. "Kai makaho ne, ba ka ga allo ba?" Shi kuma ya mayar masa: "Hanyar gadon gidanku ce?" Kafin ka ce kwabo 'yan kilando, wato masu haya da babur, sun kewaye su, kowa da nasa hukuncin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau da yawa su biyun allo ɗaya suke nunawa, kuma kowannensu ya yi imani allon shi ya ba gaskiya.

Ban musa ba, alamomin hanyarmu suna da rikitarwa. Tsarinsu daga Turai ya zo, daga yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, kuma ɗan rubutun da ke jikinsu da Faransanci yake. Direba aƙalla ya zauna an koya masa kafin ya karɓi lasin, idan har ta hanyar gaskiya ya karɓa. Mai keke kuwa yayansa ne ya riƙe masa kariya a lungu har ya iya, shi ke nan karatun ya ƙare. Ga rana ta cinye fentin wasu allunan, ga rassan darbejiya sun rufe wasu, musamman a Marwa inda itatuwan suka yi wa tituna rumfa, ga masu tallar magani da 'yan siyasa suna manna takardunsu a kai. Da aka gyara titunan Garwa saboda gasar cin kofin Afirka da aka buga a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, kwalta ta yi santsi, gudu ya ƙaru, amma sanin ma'anar alamomin bai ƙaru da shi ba.

To amma rikitarwar allo ba ta zama hujjar zama cikin duhu ba, domin abin da ake bukatar sani bai taka kara ya karya ba. Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne: akwai kwana, ko makaranta, ko mashigin shanu a gaba. Allo zagayayye mai jan baki hani ne. Zagayayye shuɗi umarni ne. Ku tsaya a nan da kyau, ƙannena, domin nan ne ake yawan faɗawa rami. Idan ka ga hoton keke a cikin jan zobe, ko da ba a ja layi an soke keken ba, ma'anarsa keke ba ya shiga wannan hanyar. Yara da yawa suna ganin hoton keken sai su ce ai an ware mana ke nan, su danna kai da ƙarfin zuciya, har su yi musu da direba a kai. Wanda yake nufin nan ce hanyar keke shi ne farin keke a kan shuɗi, kuma da wuya ka ci karo da shi a garuruwanmu, tunda ba kasafai ake ware wa keke hanyarsa daban ba. Jan allo mai farin layi a kwance kuwa yana cewa kada kowa ya shigo ta nan, kuma keke yana cikin wannan kowa ɗin.

Sai maganar wa zai fara wucewa. A Kamaru da Chadi da hannun dama ake tuƙi, kuma a mararrabar da babu allo babu fitila, wanda ya fito daga damarka shi ne da hanya, ko tirela ce ko keke. Idan akwai allo mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa, to kai ne za ka ba da hanya. Shi ya sa shataletale ke haɗa faɗa: inda aka kafa wannan kifaffen allon a bakin shiga, na cikin zagaye ne da hanya, mai shigowa ya jira. Wani ya saba da wancan tsari, wani ya saba da wannan, sai a haɗu a tsakiya kowa na rantsuwa.

Yanzu bari in juyo gare ku masu keke, kuma ku yi haƙuri da zafin maganata, ƙauna ce ta kawo ta. Ko da gaskiyar taku ce ɗari bisa ɗari, jikinku ne a waje. Babu ƙarfe tsakaninku da kwalta. Me ya kai ka saɓa hannu don kawai kana ƙyashin zagayawa? Direban da zai fito daga kwana yana duba inda ya san abin hawa zai ɓullo, ba ya tsammanin ka ta ɗaya ɓangaren. Me ya kai ka fita bayan magariba da baƙar riga, ba fitila a gaba, ba jan abin ƙyalli a baya? Kai kana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ka ɗauka shi ma yana ganin ka, alhali bai san da kai ba sai kun yi kusa. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da hazo ya sauko, ko da rana ma haka abin yake. Ga toshe kunne da abin sauraren waƙa, ga keken da birkinsa ya mutu sai da silifa ake tsayar da shi.

Mafi muni duka shi ne wasa da manyan motoci. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta biyo ta Gaundare ta ratsa Garwa, ta wuce ta Marwa da Mora har Kusiri, ita ce ke ɗauke da kayan da ake saukewa daga jirgin ƙasa a Gaundare zuwa Injamena ta gadar Ngeli. Tireloli da tankoki ba sa yankewa a kanta, ga motocin auduga idan kaka ta yi. Direban tirela yana zaune can sama, kuma akwai wurare a gefen damarsa da dab da gabansa da madubi ba ya nuna masa. Idan kai ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. In zai karya kwana zuwa dama yakan buɗe hagu tukuna, sai yaro ya ga fili ya kutsa, tayoyin baya kuma su biyo ta daidai wurin. Yaran da ke kama bayan mota don ta ja su a hawa kuwa, wallahi duk babban da ya gani ya yi shiru yana da kason laifi.

Ku kuma direbobi da 'yan babur, nauyin da ke kanku ya fi nasu, domin ku ne ke riƙe da abin da ke kisa. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafarka ta taɓa birki. Idan ka ninka gudu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi har sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in an auna da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara.

Kuna cewa mai keke ba ya tsayawa a gefe, yana ta kwane-kwane. Ku dubi gefen da kuke so ya bi. Nan yashi ke taruwa, nan bakin kwalta ke gutsirewa, nan mai tebur ya baza kayansa, nan aka ajiye amalanke. Tayar keke in ta shiga yashi zamewa take yi, dole ya kauce. Don haka ka ba shi fili in za ka wuce shi. A Faransa doka ta ce mita ɗaya a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari, kuma wannan awo ne mai kyau da za mu iya ɗaura wa kanmu. In babu filin, ka sassauta ka bi bayansa kaɗan. Kada ka zo dab da kunnensa sannan ka danna oda, firgita zai yi ya faɗo maka. Kafin ka buɗe ƙofa a bakin titi, ka waiwaya. Wannan da kake kira ɗan iska mai keke, ɗan makaranta ne da ke sauri kada a rufe ƙofa, ko magidanci ne da ya ɗauro buhun gawayi tun asuba daga ƙauye, ko dattijon da ke jan ku salla a unguwa.

Idan kuma tsautsayi ya auku, don Allah a fara da wanda ke kwance. Ɗabi'ar nan ta rufar wa direba da duka ita ce ke sa wasu gudu su bar mutum cikin jini. A kai mai rauni asibiti, a kira 'yan sanda ko jandarma, shari'a ta biyo baya.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da mu ba hanya haƙƙinta, ya kuma sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Reshen da ya rufe allo abin cutarwa ne, haka takardar da aka manna a kansa. Ƙungiyoyin samarin unguwa da ke haɗa kuɗin ƙwallo da na biki za su iya ware safiyar Lahadi ɗaya, su nemi izinin jauro ko lawan, su sassabe rassan, su ɓamɓare takardun, su wanke allunan. Allon da ya faɗi ko aka sace, a rubuta wurinsa a kai wa magajin gari a rubuce, a kuma riƙa komawa ana tuni. Direbobin da suka yi karatun tuƙi na gaskiya su zana alamomin nan a kwali, su kai makarantun allo da na boko, su bar ɗaya a rumfar kowane mai faci, tunda duk mai keke sai ya zauna a can yana jiran a liƙe masa taya.