"Ai Shiri Ne," In Ji Mu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Da zarar an taɓo maganar restilin, amsarmu ɗaya ce: "Ai shiri ne, an riga an san wanda zai ci." Haka ne, an tsara wanda zai ci. Amma kujerar da ake kwaɗa wa mutum a ka ƙarfe ce ta gaske, ƙashin wuya kuma bai san shiri ba.

A watan Mayun 1999, a Kansas City ta Amurka, ana sauko da ɗan restilin Owen Hart da igiya daga saman rufi don a burge 'yan kallo, sai maɗaurin ya kwance. Ya faɗo daga tsayin kusan mita 24, ya mutu yana da shekara 34. Aka fitar da shi, aka ci gaba da wasa a daren, a kan dandalin da ya faɗo. Subhanallah!

Eddie Guerrero, shi ma ɗan restilin, a ɗakin otal aka tsinci gawarsa a 2005, zuciya ta gaza, shekararsa 38. A 2007 wani ɗan restilin, Chris Benoit, ya kashe matarsa da ɗansa mai shekara 7, sannan ya kashe kansa. Da likitoci suka duba ƙwaƙwalwarsa, sun tarar ta lalace ƙwarai saboda buguwar kai ta shekara da shekaru. Ban kawo wannan don in wanke shi ba. Da yawa daga 'yan restilin da maganin kashe zafi da allurar ƙara tsoka suke lallaɓa jiki su hau dandali, domin wanda ya kwanta jinya wani ne zai gaje gurbinsa.

Allah Ya ce Ya karrama ɗan Adam, Ya kuma hana mu jefa kanmu cikin halaka. Manzon Allah (SAW) ya hana dukan fuska ko da a faɗa ne, ya kuma gaya mana za a tambayi bawa jikinsa, a me ya ƙarar da shi.

To mu 'yan kallo fa? Ihunmu ne kasuwarsu. Duk faɗowar da ta fi haɗari, ita muka fi turawa abokai muna dariya. Yaran da ke zaune gefenmu kuwa ba su san shiri ba ne. Za ka shigo ɗaki ka tarar wa ya hau kan gado yana shirin dirowa a kirjin ƙaninsa, a kan dandaryar siminti.

Iyaye, a duba wayoyin yaran nan a ga abin da suke kallo, a kuma zaunar da su a gaya musu yadda Owen Hart ya mutu.