Tsofaffin motocin Birtaniya: kyamara ta ɗauki bodi, ta manta da inji

Duk lokacin da masu sha'awar tsofaffin motocin Birtaniya suka buɗe hira, da wuya a yi nisa ba a ambaci James Bond ba. Wani zai tuna Aston Martin DB5 mai ruwan azurfa da Sean Connery ya tuƙa a fim ɗin Goldfinger na 1964, wani ya kawo Lotus Esprit da ta faɗa teku ta rikiɗe ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa a 1977, wani kuma ya karkatar da zancen zuwa ƙaramar Mini ta Mr Bean mai kwaɗo a ƙofa. Ni ma ina cikin masu jin daɗin wannan hira, amma na daɗe da lura cewa tana tsayawa ne a kan fenti da fitilu da surar bodi, alhali abin da ya sa waɗannan motoci suka cancanci a tuna da su yana ƙarƙashin bonet, inda kyamara ba ta cika leƙawa ba. A ganina fim ya yi wa motocin Ingila alheri da rashin adalci a lokaci guda, domin ya ɗaukaka sunayen kaɗan daga cikinsu, ya kuma binne aikin mutanen da suka ƙera injinan da suka yi shekara arba'in ko hamsin suna aiki.

A ɗauki ita DB5 ɗin. Kowa ya san kujerar da ke cilla mutum sama, da bindigogin da ke fitowa ta gaba, da lambar da ke juyawa, waɗanda dukkansu dabarun masu shirya fim ne. Kaɗan ne suka san sunan Tadek Marek, injiniya ɗan asalin ƙasar Poland wanda ya zana injinta mai silinda shida a jere da girman lita 4, kuma kaɗan ne suka san cewa haruffan DB na sunan David Brown ne, attajirin da ya sayi kamfanin a 1947, wanda dukiyarsa ta fito daga ƙera giyar inji da taraktocin noma. Motar da aka ƙera guda dubu da 'yan kai tsakanin 1963 da 1965 ta zama wadda aka fi sani a duniya, har ɗaya daga cikin masu kayan Bond ta yi kuɗi sama da dala miliyan 6 a gwanjo a 2019. Ba na musun kyawunta, amma kuɗin nan na fim aka biya, domin da ba ta fito a majigi ba da tana nan a sahun 'yan uwanta DB4 da DB6, waɗanda sai masana ke bambanta su.

Injin da nake ganin ya fi kowanne cancantar a yi masa fim shi ne XK na Jaguar. Labarinsa ya fara ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ilin da mai kamfanin William Lyons da injiniyoyinsa William Heynes da Walter Hassan da Claude Baily suke kwana a masana'anta a birnin Coventry suna gadin gobara saboda bama-baman Jamus, suna kuma cinye daren da tattauna irin injin da za su yi idan an daina yaƙi. Ya fito a 1948 cikin XK120, da silinda shida da sandunan buɗe bawul guda biyu a samansa, tsarin da a wancan zamani akasari a motocin tsere da masu tsada ake ganinsa. Lyons ya nace cewa dole injin ya yi kyau a ido, shi ya sa duk wanda ya ɗaga bonet ɗin tsohuwar Jaguar yake cin karo da dogayen murafu biyu na alminiyam suna walƙiya, da kafireta biyu ko uku jere a gefe. Da wannan inji Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyar, a 1951 da 1953 da C-Type, sannan a 1955 da 1956 da 1957 da D-Type. Shi ne a cikin E-Type da aka nuna a Geneva a watan Maris na 1961, motar da aka ce tana kai kilomita 240 a awa kuma kuɗinta kusan rabin na Aston Martin. Abin da ya fi burge ni shi ne inda ya ƙare: an sa shi a motocin kashe gobara, an sa shi a ƙaramar tankar yaƙi ta Scorpion, kuma bai bar aiki ba sai 1992 a cikin doguwar Daimler da ake ɗaukar manyan baƙi da ita. Inji guda ya yi tsere, ya yi soja, ya yi hidimar manyan baƙi.

Jaguar kanta ba ta fahimci ƙarfin majigi da wuri ba. Lokacin da ake shirin fara wasan talabijin na The Saint a 1962, masu shirin sun nemi E-Type don Roger Moore, kamfanin bai ba su ba domin odar da ke gabansa ta fi ƙarfinsa, sai Volvo ta Sweden ta miƙa P1800 ta kwashe tallar shekaru. Abin dariyar shi ne, rukunin farko na waccan Volvo a Ingila aka harhaɗa su, a masana'antar Jensen. Daga baya Jaguar Mark 2 mai ruwan jan goro ta samu nata rabon a hannun ɗan wasa John Thaw cikin wasan talabijin na Inspector Morse daga 1987, lokacin da an yi kusan shekara ashirin da daina ƙera ta.

Mini ce inda ra'ayina ya fi ƙarfi. Rikicin mashigin Suez na 1956 ya jawo rabon fetur a Birtaniya, aka umarci Alec Issigonis, wanda aka haifa a Smyrna, Izmir ta Turkiyya a yau, da ya zana mota mai tsawon mita uku da za ta ɗauki mutum huɗu. Dabararsa ita ce ya kwantar da injin a gicciye, ya tura giya ƙarƙashinsa suna shan baƙin mai ɗaya, ya mayar da ja ga tayoyin gaba, ya kai tayoyin can kusurwoyi huɗu, don haka kusan dukkan tsawon motar ya zama na fasinja da kaya. Yawancin ƙananan motocin da ke kan titunanmu yau, na Japan ne ko na Koriya ko na Turai, bisa wannan tsari na inji a gicciye da jan gaba suke tafiya. Injin kuwa ba sabo ba ne, A-Series ne da Austin ta fito da shi tun 1951, wanda ya yi aiki a Morris Minor da MG Midget da wasu da dama, kuma bai huta ba sai da Mini ta ƙarshe ta fito a watan Oktoba na 2000, bayan an ƙera sama da miliyan biyar. Da wannan ɗan inji Mini Cooper ta ci gasar Monte Carlo a 1964 da 1965 da 1967, a 1966 ma ita ta zo ta farko aka soke nasarar a kan wata ƙa'idar fitilu, abin da Turawan Ingila ba su yafe ba har yau. Fim ɗin The Italian Job na 1969 ya nuna Mini uku, ja da fara da shuɗiya, suna sauka kan matakala da bin magudanar ruwa a birnin Turin na Italiya, ko da yake ita magudanar a Coventry aka ɗauke ta. Amma mu nan, in za a faɗi gaskiya, ta hannun Mr Bean akasarinmu muka san Mini, muka ɗauke ta abin dariya, motar da ta canza yadda duniya ke ƙera ƙaramar mota.

Akwai dalilin da ya sa wannan zance bai zama baƙo gare mu ba. Kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972, kuma kafin masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, motocin Ingila ne suka cika hanyoyi, Morris da Austin da Bedford da Land Rover, kuma a kansu tsofaffin makanikai suka koyi sana'a. Na taɓa tsayawa a garejin wani dattijo daga cikinsu yana daidaita kafireta biyu irin na SU, waɗanda kowanne ke da ɗan tulu a kai da ake kwance murfinsa a ɗiga masa mai. Ba shi da wata na'ura. Guntun tiyo ya ɗauka ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan kuma a bakin kafireta na farko, sannan na biyu, yana murza sukuru kaɗan-kaɗan har sai da hucin iskar da suke zuƙa ya zama ɗaya a kunnensa, nan take rawar da injin ke yi ta kwanta. Da na tambaye shi, "Baba, yaya ake gane sun daidaita?" sai ya ce mini, "Yaro, ai shi injin ne yake faɗa maka." Wannan ita ce ainihin alaƙar da masu sha'awa ke kewa, ko da ba su iya furta ta ba: inji ne da mutum zai iya fahimtarsa da kunne da hannu da sufana, ya kwance shi a tsakar gida ya mayar.

Land Rover ta fi kowacce shiga rayuwar ƙasashenmu. Maurice Wilks na kamfanin Rover ya fito da ita a 1948, aka yi bodinta da alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi, wanda ya sa ba ta ruɓewa kamar sauran, kuma injinta na fetur mai lita 2.25 da ya zo a 1958 ba shi da gudu amma ba ya gajiya. Fim ɗin The Gods Must Be Crazy na 1980 ya mayar da ita abin barkwanci, mota marar birki da ke guduwa ta bar direbanta, har ta ja kanta ta rataye a bishiya, sai dai ko a cikin barkwancin an nuna gaskiya guda, wato duk lalacewarta tana tafiya. Injin V8 mai silinda takwas da ya shiga Range Rover a 1970 kuwa asalinsa ba na Ingila ba ne, na Buick ne ta Amurka, wanda General Motors ta daina yi, Rover ta sayi haƙƙinsa a 1965 ta ci gaba da shi kusan shekara arba'in, ƙananan kamfanoni irin Morgan da TVR suna ɗiba suna sa wa motocinsu.

Masu sha'awa suna da wata ɗabi'a ta mayar da aibi abin alfahari, kuma a nan nake rabuwa da su. Suna dariya cewa motar Ingila da ba ta ɗigar da baƙin mai to babu mai ne a cikinta, suna kiran kayan wuta na kamfanin Lucas da laƙabin yariman duhu, kamar dai waɗannan kwalliya ce. Ba kwalliya ba ce, su ne suka kashe masana'antar. An haɗe kamfanoni masu gaba da juna a ƙarƙashin British Leyland a 1968, gwamnati ta karɓe shi a 1975 bayan ya durƙushe, yajin aiki da rashin zuba jari da sakacin shugabanni suka haɗu, aka riƙa fitar da motoci masu kyan zane da mugun haɗi. Triumph Stag misali ce: kyakkyawar mota ce da ita ma ta fito a fim ɗin Bond na 1971, amma injinta V8 ya yi ƙaurin suna wajen zafi da ƙona gasket, har masu ita da yawa suka cire shi suka sa na Rover. A daidai wannan lokaci Nissan, wadda a 1952 ta ƙulla yarjejeniya da Austin don ta koyi ƙera motocinta a Japan, tana sayar wa Turawan Ingila Datsun da ke tashi kullum da safe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Yau Mini da Rolls-Royce na BMW ne, Bentley ta Volkswagen, Jaguar da Land Rover na Tata ta Indiya tun 2008, MG kuma ta kamfanin China. Har Morris Oxford ma a Indiya ta fi daɗewa, domin ita ce Ambassador da masu kallon fina-finan Indiya suka saba gani da 'yan sanda da ministoci, wadda aka yi ta ƙerawa har 2014.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da muhimmanci shi ne sabon yayin cire tsohon inji a sa na lantarki. Duniya ta ga misalinsa a watan Mayu na 2018, lokacin da Yarima Harry ya ɗauki amaryarsa zuwa liyafa a cikin E-Type da aka mayar ta batir, mutane suka yi ta yabo. Na fahimci hujjar masu yin haka, domin biranen Turai suna ƙara matsa wa motoci masu hayaƙi, makanikan da suka san kafireta suna ƙarewa, kuma mai kuɗi yana son ya murza makulli ya tafi ba tare da ya jira inji ya yi ɗumi ba. Amma wanda ya cire XK daga E-Type ya yarda ke nan da hukuncin kyamara cewa bodi shi ne mota, ya ajiye abin da aka zana a daren gadin gobara a Coventry a kusurwar gareji. Idan bodi ya rasa injinsa na asali, ko injin ya fashe ba ya gyaruwa, ba ni da ja a sa masa batir ya ci gaba da yawo. Wanda injinsa ke da rai kuwa, ina ganin kuɗin da za a kashe wajen sauya shi gara a biya su ga matashin da zai zauna gaban ɗaya daga cikin dattawan nan ya koyi aikin, tun da kayan gyaran A-Series da XK da na Land Rover har yanzu ana ƙera su sababbi a Ingila ana aikawa ko'ina.