Ranar da Fitilar Mai Ta Tona Min Asiri a Gaban Surukina

Shekara goma sha ɗaya na yi ina hawan tsohon Jincheng ɗina a Birnin Kebbi, mai bai taɓa yanke min a daji ba. Ba wai kuɗi gare ni ba, malamin firamare ne ni. Sirrin yana wajen wani ɗan makunni da ke ƙarƙashin tanki ta hagu. Da mashin ya fara tari yana shiɗewa, sai in zura hannu ko dubawa ba na yi, in murɗa shi zuwa rizab, ya farfaɗo kamar wanda aka yayyafa wa ruwa. Daga nan na san abin da ya rage zai kai ni gidan mai. Shi ba ya magana sai abu ya ƙure, ni kuma ba na musu da shi.

Bara na sayar da shi, na haɗa da kwasar adashe na sayi wani ɗan Kwatano na zamani, mai allo a gaba irin na mota. Dillalin ya ce wannan ba ruwansa da kafireto, famfo ne a cikin tanki yake tura mai. Na laluba ƙarƙashin tanki, babu makunni. Ya nuna min wata 'yar fitila ruwan goro mai hoton famfon gidan mai, ya ce ita ce rizab ɗinka yanzu, in ta kama ka nemi mai.

Tun ranar farko muka ɓata da ita. Na cika tanki fal, na murɗa makulli, sai ga ta ta kama tare da sauran fitilun allon. Na koma wa dillali a fusace. Ya yi dariya ya ce gaisuwa ce kawai suke yi, kowace ta gwada kanta ta mutu. To, amma ni daga ranar na sa ta a layin maƙaryata.

Kuma halinta bai taimake ta ba. In mai ya yi ƙasa ba ta fitowa ta faɗi magana ɗaya. Na taka birki a shataletale ta kama, na ja mashin ta mutu. Na karya kwana ta ƙyafta min ido, na miƙe hanya ta yi kamar ba ita ba. Da safe in na tarar da mashin a jingine kan jak tana kunne, ina daidaita shi tsaye sai ta ɗauke. Sannu a hankali na gano maganinta: in na matse tanki da cinyoyi na girgiza shi hagu da dama, sai ta yi shiru na ɗan lokaci. Na ɗauki wannan a matsayin babban ilimi, har na koya wa wani abokin aikina.

Kowa ya san yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ba ta kuma waiwayo ba. Irinmu masu jiran ƙarshen wata mun daina cewa a cika, sai dai a zuba na dubu. Saboda haka ni da fitilar nan muka zama kamar mai bashi da mai binsa da suke unguwa ɗaya, kullum ana haɗuwa, ana gaisawa, ba a biya. Na ma auna ta: kwana uku cur nake yi tana kunne ban tsaya a hanya ba.

Wata Asabar cikin watan Afrilu, lokacin da ranar Kabi take dafa ƙwai a kan sirdi, maiɗakina ta ce, "Baban yara, Baba ya aiko, wai ka biya ka ɗauke shi ku tafi ɗaurin auren nan na Jega."

Shekara tara da aurenmu, ban taɓa haɗa ido da dattijon nan ba. A tsugune nake gaishe shi, ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Fitila kuwa tun ranar Alhamis take kunne. A aljihuna akwai naira dubu biyu, kuɗin gudummawa. Da na tsaya na sha mai kafin in isa gidansa da ba a yi wannan labari ba, amma na makara wajen guga. Na ce in mun fito sai in tsaya. Da muka fito, muka doshi gidan mai na farko, sai na hango kaina ina cewa "zuba na dubu" surukina yana zaune a bayana cikin babbar riga da rawani. Na wuce. Na biyu ma na wuce. Na ce wa zuciyata ai lissafi na kwana uku ne, yau ne na ukun, kuma bai ƙare ba.

Mun bar Kalgo kaɗan sai na ji muryarsa ta kan kafaɗata.

"Malam, wagga wuta da ka ƙyaftawa, mi taka nuhi?"

Na ce, "Ba komai Baba, haka take, rawar kai ce da ita."

Don in tabbatar masa, na matse tanki na girgiza. Na manta ba ni kaɗai ba ne a kan mashin. Dattijo ya yi salati ya damƙe kafaɗata da hannu biyu, karo na farko da jikinsa ya taɓa nawa tun ranar da aka ba ni 'yarsa. Na ce, "Rami ne, Baba." Titi kuwa sumul kamar tafin hannu. Bai ce komai ba. Fitila ta mutu kamar na minti ɗaya, sannan ta dawo, wannan karon babu ƙyaftawa, ta kafe ni da ido.

Ba mu yi nisa ba mashin ya yi tari. Hannuna na hagu, da ya yi shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, ya sauka da kansa neman makunnin rizab. Abin da ya samu kan inji ne mai zafi. Na janye ina yarfe yatsu, mashin ya ƙara tari biyu ya yi shiru. Muka gangara a hankali, ba ka jin komai sai ƙarar cen da kukan wata kurciya can cikin gona.

Baba ya sauka, ya gyara rigarsa, ya dubi gabas ya dubi yamma. Ya ce, "To."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na gwada duk dabarun 'yan kabu-kabu. Na buɗe tanki na kara kunne ina girgizawa, na ji ɗan motsi kamar ragowar koko a ƙwarya. Na kwantar da mashin a gefe na ɗago shi, ya tashi, ya yi taku hamsin ya sake mutuwa. Na kafa baki a bakin tanki na hura iska iya ƙarfina, abin da na samu kawai jiri ne da baƙin zobe kewaye da leɓe, wanda ban san da shi ba sai da na duba madubi a Jega.

Ana haka sai ga amalanke, shanu biyu na ja, an yi mata lodin buhunan albasa. Mai amalanken ya ga rawani ya tsaya, ya ce, "Subhanallahi, Baba ku hau, rana ta yi yawa." Aka gyara masa wuri a kan buhu daga baya. Matsalar ita ce mai zama a bayan amalanke baya yake kallo. Ni kuma a bayan nake, ina tura mashin. Mutumin da na yi shekara tara ina kauce wa idonsa, ga shi a sama yana fuskantata, yana jan carbi, ƙafafunsa na lilo. Na sunkuyar da kai, sai na ga allo. Na manta ban kashe makulli ba, ita ma tana nan tana kallona. Gumi ya jiƙa shaddar tun daga wuya har ƙugu. Duk bayan ɗan lokaci Baba yakan dakata da carbi ya ce, "Sannu, Malam." In ce, "Yawwa Baba." Na ƙirga sannu goma sha huɗu.

A ƙarƙashin wani dogonyaro muka sami yaro ɗan bumburutu da kwalabensa jere a kan benci. Kafin in kai hannu aljihu Baba ya riga ya ce a zuba. Yaro ya kafa mazurari ya juye kwalba ɗaya. Na murɗa makulli, mashin ya tashi, na ce alhamdulillahi mu tafi. Baba ya leƙo allo.

"Ba ta mutu ba. Ƙara."

Aka ƙara. Tana nan. Na ce, "Baba ai wannan zai kai mu har mu dawo." Ko kallona bai yi ba. "Ƙara." Sai a kwalba ta huɗu 'yar banzar nan ta ga dama ta ɗauke. Ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar ciki ya biya, dubu biyuna na kwance a inda suke, sun jiƙe sharkaf.

Mun isa Jega an shafa fatiha, ana rabon goro da dabino. Wani amininsa ya tare shi da tambayar abin da ya tsare shi. Na ji cikina ya ɗuri ruwa. Baba ya kakkaɓe ɓawon da ya maƙale a rigarsa ya ce, "Mun biya duba albasa."

Ranar Litinin na kai ƙarar fitila wajen bakanike. Ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ce a irin nawa wani ɗan abu ne kamar ƙwayar wake a cikin tanki. Muddin yana nutse, mai na sanyaya shi, fitila ba ta kamawa. Da mai ya sauka ya bar shi a fili sai ya ɗau ɗumi, ta kama. Birki da kwana suna watsa masa mai, shi ya sa take zuwa tana komawa kafin ta zauna daram. Ya ce, "Girgizar da kake yi, Malam, wanka kawai kake yi mishi." Ya tambaye ni nisan gidana da makaranta, na ce ko da ƙafa ana zuwa. Ya ce to kwana ukunka ke nan, sai ka ɗauko lissafin cikin gari ka hau babban titi da shi, da gudu, da goyo. Ya ƙara da cewa famfon cikin tankin ma man ne ke sanyaya shi, in na ci gaba da shanye shi ƙaf wata rana zai ƙone, kuma kuɗinsa ya fi wanda nake wa ƙwauro.

Mako na zagayowa maiɗakina ta je gida gaisuwa, ta dawo da leda tana danne dariya. A ciki akwai albasa manya guda biyar da kwalbar fetur an toshe bakinta da totuwar masara.

Ta ce, "Baba ya ce a ba ka. Wai albasar ta miya ce, kwalbar kuma ka riƙa ɗaure ta ta hagu, inda hannunka ya saba zuwa."